Tafiya ƙasar waje da dattijo daga Maraɗi: abin da ɗan rakiya zai shirya

Duk wanda zai raka mahaifi ko mahaifiya Umra, ko ganin likita a Alƙahira ko Indiya, ko ziyarar ɗa a Turai, ya fara sanin halin tsofaffinmu: ba sa faɗin damuwarsu. Ka tambayi Inna ko ta gaji, ta ce lafiya lau. Ka tambayi Baba ko zai zaga, ya ce ba komai, alhali tun ɗazu yake a matse. Kunya ce da kawaici, da gudun a ce sun zama nauyi a kan ƴaƴa. Don haka kada ka jira sai sun roƙa a hanya. Abin da ka hango musu tun kana gida, shi ne zai kai su lafiya.

Tun kafin maganar kuɗi, a zauna a tsai da wanda zai yi rakiya. Idan Inna ce, a samu mace, kuma ƴarta ta fi surukarta, domin akwai shiga ban ɗaki da canjin tufafi, kuma ba kowace tsohuwa za ta yarda matar ɗanta ta gan ta a wannan hali ba. Idan Baba ne, namiji. In tafiyar ta iyali ce har da yara, a ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai tsohon. Uwar da ke goye da jariri, tana jan wani a hannu, ba za ta iya ba. Yaron da zai fita ba tare da iyayensa duka biyu ba kuma, a yi masa takardar izinin iyaye, a sa mata hatimin hukuma.

Takardu: a fara wata uku kafin tafiya

Nan ne aka fi ɓata lokaci. Da yawa daga cikin dattawanmu ba a yi musu takardar haihuwa ba. Abin da ke hannunsu hukuncin kotu ne da ke madadinta, mai cewa an haife su wajen shekara kaza, ba rana ba wata. Wasu ma ko wannan babu. Sai an same ta, an haɗa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da katin ɗan ƙasa, kafin a kai ga fasfo. Fasfo kuma ba a aike: sai mai shi ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Yatsun da suka yi shekaru suna riƙe hauya ko taɓarya sukan shafe, na'ura ta ƙi karantawa, a yi ta maimaitawa. A je da sassafe, a tafi da ruwa da abin taɓawa.

Wanda yake da fasfo, a duba ranar ƙarewarsa. Yawancin ƙasashe suna son ya rage aƙalla wata 6 daga ranar shiga. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma hukumomin ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar cewa tsohon fasfo mai tambarin CEDEAO yana aiki har ranar da wa'adinsa ya cika.

Sai suna. Mutum ɗaya yakan zama Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mahaman a takardar asibiti, Muhammad a wasiƙar gayyata. Kamfanin jirgi bai san duk Baba ne ba. Yadda aka rubuta a fasfo, harafi bayan harafi, haka za a rubuta a tikiti da biza da inshora da takardun likita. Kada ka karanta wa mai yankar tikiti suna ta waya. Aika masa hoton shafin fasfon, idan ya turo tikitin ka zauna ka gwada su da idonka.

Biza kowace ƙasa da tsarinta. Ta Umra ana bi ta kamfanonin da hukumar alhazai ta COHO ta amince da su, kuma gara ka nemi shaidar amincewar kafin ka zuba kuɗi. Ta jinya tana buƙatar wasiƙar asibitin da za a je, ɗan rakiya ma da tasa bizar. Ta ƙasashen Turai na yankin Shengen ba a bayarwa sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa ke nan. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun Janairun 2024, saboda haka mai nufin can ya binciki inda zai kai takardunsa kafin ya sa ranar tafiya. Inshorar nan, ko ba a tilasta ba, a saya, amma a karanta ta: wasu suna da iyakar shekaru, wasu ba sa biyan ciwon da mutum ya taho da shi daga gida. A duba har sharaɗin dawo da mara lafiya ko gawa. Magana ce da ba a son yi, amma rai na Allah ne, kuma gara a yi ta a tsakar gida da a yi ta a ƙasar da ba a jin harshenta.

Likita

Wata ɗaya ko sati shida kafin tashi, a kai tsohon wurin likitan da ya saba duba shi, a babban asibitin Maraɗi ko inda katinsa yake. A faɗa masa ainihin tafiyar: awa kaza a mota, awa kaza a sama, awa kaza ana jira. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya ba ya ji, amma mai ciwon zuciya, ko ciwon huhu, ko ƙarancin jini, zai iya galabaita. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko ya yi shanyewar ɓarin jiki, likita ne zai ce ya tashi ko ya dakata. Kamfanonin jirgi suna da fom mai suna MEDIF da likita ke cikawa ga irin waɗannan, da masu buƙatar iskar numfashi a hanya, kuma ana aika shi kwanaki kafin tafiya.

Rigakafin shawara, wanda ake rubutawa a katin nan mai ruwan ɗorawa, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan Alhaji ya yi ta tun zuwansa Hajji na fari, a nemo tsohon katin a ƙasan akwati. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba ya fi yaro haɗarin samun illa daga allurar. Likita ne zai auna, in ya ga bai dace ba ya rubuta takardar uzuri. Saudiyya tana neman rigakafin sanƙarau mai nau'i huɗu, shi ma aƙalla kwana 10 kafin isa.

Kada ka fita daga ofishin likita sai da abu uku: taƙaitaccen bayanin ciwon da Faransanci, in da hali har da Ingilishi, takardar magani mai ɗauke da sunan sinadarin kowane magani, tunda sunan kwalin da ka sani a farmasin Maraɗi ba lalle a san shi a can ba, da jadawalin shan magani a kwanakin tafiya. Makka da Istambul da Adis Ababa suna gabanmu da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi. Ga mai allurar insulin wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari kuma, a tambayi likita lokacin da ya fi dacewa ya sha ranar tafiya. Kada a daina shi da ka.

Yamai ko Kano

Daga Maraɗi ƙofa biyu ce. Yamai tana da nisan kilomita 660 ko kusa da haka, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso: yini guda cur a bas. Daga filin jirgin Diori Hamani ana samun Ethiopian zuwa Adis Ababa, Turkish Airlines zuwa Istambul, Royal Air Maroc zuwa Kasabalanka, Asky zuwa Lome. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kuma daga filin Malam Aminu Kano akwai Egyptair zuwa Alƙahira da jiragen Jidda. Sai dai akwai tsallaka iyaka, da shingayen bincike, da matsalar ƴan bindiga da ta addabi yankin Jibiya. An rufe iyakar nan a 2023 bayan juyin mulki, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Wanda zai bi ta nan ya tambayi direbobin da suka dawo a satin, ya bi da rana tsaka, kuma ya tabbata an buga wa kowa hatimin fita da na shiga a iyaka, domin za a neme su a filin jirgi.

Ni dai a ganina, ko ta ina aka bi, kuskure mafi girma shi ne a sauko daga mota a wuce filin jirgi kai tsaye. A isa kwana biyu kafin tashi. Tsoho ya kwana a shimfiɗa, ƙafafunsa su sace, ya ci tuwo mai zafi. Gara a biya kuɗin masaukin kwana biyu da a biya kuɗin canza tikiti. A bas, a yanki kujerun gaba tun jajibiri. In aljihu zai ɗauka, a yi shatar ƙaramar mota, yadda za a tsaya duk inda aka ga dama. A watannin Afrilu da Mayu zafin hanyar nan kaɗai ya isa ya kwantar da mai shekara saba'in. Lokacin hunturu kuma hazo yakan jinkirta jirage.

Wajen zaɓen tikiti, kada araha ta ja ka. Canjin jirgi ɗaya ya fi biyu. Jira a tsakani ya kasance awa 3 zuwa 5: ƙasa da haka za ku yi gudu, sama da haka tsoho zai sandare a kujerar ƙarfe. Kuma duk tafiyar ta kasance a tikiti ɗaya, yadda kaya za su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kamfani ya ɗauki nauyinku.

A lokacin yankan tikitin ne ake neman keken tura marasa ƙarfi, aƙalla awa 48 kafin tashi. Kyauta ne. Iri uku ne: WCHR ga mai iya hawa matakala amma ba ya jure doguwar tafiya, WCHS ga wanda ba ya iya matakala, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujerarsa. A tabbata an rubuta shi a kowane zango, zuwa da dawowa. Baba zai ce, "Ni ba gurgu ba ne." Kada ka yi gardama da shi a gaban mutane. Tun a gida ka ce, "Baba, ba don ƙafarku ba ne. In kuna kan keken, ma'aikaci ne zai ja mu gaba, ba za mu bi layi ba, ba za mu ɓata ba. Ku taimake ni." Gaskiya ce kuwa: a filin Istambul, daga inda aka sauka zuwa ƙofar jirgi na biyu sai a yi tafiyar da ta fi kilomita. A nemi kujerar bakin hanya kusa da ban ɗaki, kai kana gefensa. Ba a zaunar da tsoho a layin ƙofar gaggawa. Abincin masu ciwon suga ko mai ƙarancin gishiri ma a nan ake odarsa.

Kaya

Magani duka a jakar hannu, cikin kwalayensa na asali, da ƙarin na sati biyu. Akwati yakan ɓata, insulin kuma yana lalacewa in ya daskare a ɗakin kaya ko ya sha zafin mota. Dokar hana shiga jirgi da kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100 tana da sassauci ga magani idan akwai takardar likita. Tramol da magungunan tari masu kodin, waɗanda ake samu a nan ba wuya, a Masar da Saudiyya da Dubai suna iya kai mutum kurkuku in babu takarda. Garin magani na gargajiya da aka ƙulla a leda ba suna, a bar shi a gida. Goro ma, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa. A fara rage wa Hajiya shi tun da sauran kwanaki. Kilishi da cuku ba sa shiga Turai. Saƙon da wani ya kawo a ɗaure ya ce a kai wa ɗan'uwansa, a kwance shi a gabansa ko a mayar masa. Tsofaffi ba sa iya cewa a'a, kai za ka ce.

A jakar hannun a ƙara tufafi na canji, rigar sanyi da safa, famfas na manya in ana buƙata, dabino da biskit, tabarau, da ƙaramar gora da za ta zama buta. A rubuta kati a rataya wa tsoho a wuya: sunansa, ciwonsa, lambarka, lambar wani a inda za a je, da Faransanci da Ingilishi. Kuɗi a raba su gida biyu, a bar masa kaɗan a aljihunsa. Mai shiga Turai da yuro 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa ƴan duwan.

Cikin jirgi

A isa fili awa 3 kafin tashi, a tuna wa mai awon kaya maganar keke. Fasfo da katin shiga jirgi suna hannunka. A shiga ban ɗaki a yi alwala kafin a kira shiga.

Ga inda aikin ɗan rakiya yake. Tsohuwa za ta ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya kama ta a sama. Iskar jirgi kuwa busasshiya ce ƙwarai, kuma zaman da ya wuce awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2007. Rashin ruwa da rashin motsi sun haɗu ke nan. Kada ka tambaye ta ko za ta sha. Karɓi kofi biyu, ka sha ɗaya, ka miƙa mata ɗaya. Bayan awa biyu, ƴarta ta ce, "Inna, ni zan zaga, ku taso mu je tare." Ta shiga da ita karon farko, ta nuna mata yadda ake tura ƙofa ta naɗe, inda sakata take, da maɓallin da ake dannawa, ta kuma gaya mata zai yi ƙara mai ƙarfi kada ta firgita. Ta nuna mata yadda za ta yi tsarki da gorar a kan masai ba tare da ruwa ya zuba a ƙasa ba. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa har ta fito. Wanda aka nuna wa sau ɗaya cikin sirri, zai koma da kansa.

A zaune ma a riƙa motsa ƙafa: a ɗaga dunduniya, a sauke, a juya idon sawu. In likita ya rubuta safar matse ƙafa, a sa ta tun safe. Kada a gwada sabon maganin barci a jirgi. Lokacin sauka kunne yakan toshe, a ba shi alewa ya tsotsa.

Salla tana damun dattijo fiye da abinci. A je wurin malaminsa tare kafin tafiya, ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yin salla a zaune. In kai ka faɗa, zai ce yaran zamani ne. Masu Umra da za su sauka Jidda, jirgi yana ratsa miƙati a sama, kuma ɗaura harami a ban ɗakin jirgi wahala ce ga tsoho. A ɗaura a filin da aka yada zango, a yi niyya idan aka sanar. Mafi sauƙi ma a fara sauka Madina, a huta, a ɗauki harami a Zul Hulaifa, a shiga jirgin ƙasa na Haramain da ke kai mutum Makka cikin awa biyu da ƴan mintuna.

Idan jirgi ya tsaya, ku zauna har kowa ya fita. Mai keke yana bakin ƙofa. A wurin canji, fara gano ƙofar jirgi na gaba, sannan abinci da masallaci. Ka riƙa duba allo, domin ana canza ƙofa. Kada ka bar tsoho shi kaɗai ka ce yanzu zan dawo. In dole ne, danƙa shi a hannun ma'aikaci.

Bayan an isa

Ranar farko ba a yin komai sai wanka, abinci da barci. Ko ganin likita ne, a sa shi washegari. Mai Umra ya sani sa'ayi kaɗai ya fi kilomita 3, ban da ɗawafi. Akwai kekunan turawa da masu lantarki na haya a Harami, kuma da dare ko bayan hantsi an fi samun sarari. A duba ban ɗakin masauki: tayil mai santsi da bahon wanka mai tsawo suna kayar da tsofaffi, a shimfiɗa tawul, a nemo kujerar roba. A rage sanyin na'urar ɗaki. A taho da garin kunu ko gumba in ƙasar ta yarda da shigarsu, domin tsohon da bai saba da abincin wuri ba zai yi shiru ya zauna da yunwa. Kowace rana a kira gida ya ji muryar jikoki.

Idan zazzaɓi ya kama shi a can, gaya wa likita a jimlar farko cewa daga ƙasar zazzaɓin cizon sauro kuka fito, a yi gwajin jini. Likitocin Turai ba shi suke fara zato ba. Dawowa kuma a yi mata shiri irin na zuwa: a sake tabbatar da keke awa 48 kafin tashi, a kwana a Yamai ko Kano kafin a hau hanya, a karɓo rahoton asibiti da maganin da zai kai wata uku in ba a samunsa a nan. Ƴan barka da zuwa za su cika gida, a sa musu lokaci. Har sati huɗu bayan sauka a riƙa duba ƙafafunsa: in ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita cewa ya yi doguwar tafiya a jirgi.